Kalmar Kakata

A gaɓar teku, can arewa da Miyako,
kakata Kikuno in za ta ce "ni" sai ta ce ore.
Da kalmar nan take jan igiyar ciyawar teku
da hannuwan da gishiri ya tsattsaga,
da ita take ciniki, da ita take cewa albarka.
A ƙauyen ba wanda ya taɓa waiwayowa.

Ina 'yar shekara tara muka koma Tokyo.
Ranar farko a aji aka ce, wa ya san amsa?
Na ɗaga hannu na ce: ore.
Dariya ta tarwatse kamar faranti ya faɗi.
Malama Hatanaka ta durƙusa, ta sassauta murya:
"Sumire, wannan ta maza ce.
Yarinya watashi take cewa."
Na haɗiye kalmar,
ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Na koya kuwa.
Na koyi lanƙwasa bakin zance kada ya soki kowa,
na koyi siranta murya in wayar ofis ta yi ƙara,
har ƙanena Genta ya kira wata rana bai gane ni ba.
Shi da ore ɗinsa yake shiga ko'ina,
takalmin da ba a taɓa cewa ya tuɓe a ƙofa ba.
A taro namiji ya ce "a yi",
ni in ce "da za a ɗan duba, in ba damuwa".
Hatsi ɗaya, mudu biyu.

Shekara ashirin da shida.

Bara a asibiti kaka ta ƙanƙance
har bargo ya fi ta nauyi.
Wata nas 'yar birni ta sunkuyo
da muryar da ake yi wa jarirai:
"Kaka, buɗe baki in ba ki."
Tsohuwa ta fizge cokali.
"Ore zan sha da kaina."
Rabin miyar ya zube a ƙirji.
Ta shanye sauran.

A jirgin ƙasan dawowa dare ya mai da taga madubi.
Na dubi matar da ke ciki, da jan-bakinta da jakar aiki,
na gwada kalmar a hankali.
Ta fito da tsatsa, tana warin teku.
Mutumin da ke kusa da ni ya juyo.
Ban ce masa ya yi haƙuri ba.