Ɗigo a Taswirar Baba

Ilpo ne ke tuƙi, ni ce da taswira,
ta Baba, mai warin taba da man inji,
ta yage a ninki har garuruwa biyu sun ɓata.
Gabas da Kuopio akwai ɗigo ɗaya baƙi.
Muka ce nan ne, nan yake kai mu muna yara,
ga shi har ya ɗiga mana fensir a gefen ruwa.

Ruwa kuwa a Finlan,
ko da ido rufe ka jefa tsakuwa
tsulum za ka ji.
Ɗakinmu mai taya biyu yana biye da mota,
yana rangaji kamar saniya mai tsohon ciki,
cokula na cacar baki a cikin durowa.

Tafkin farko an kewaye shi da waya,
mai shi na birni, kwado ya bari yana gadi.
Na biyu sauro sun riga mu kama wuri,
tun daga gilashi suka fara yi mana maraba.
Ilpo ya mari kuncinsa sau uku
ya ce shi ba shi da jinin rabawa.

A na uku hanya ta mutu a gindin dutse.
Sai baya da baya.
Na sauka ina ɗaga hannu, dama, dama!
Ya karya dama, ɗakin ya nufi hagu,
ya karya hagu, ya runguma wani itace mai farin ɓawo.
Shekararsa sittin da ɗaya, ni hamsin da takwas,
muka zagi juna tas
kamar ranar da ya karya mini keke,
har maƙogwaro ya bushe,
dariya ta faɗo mana ba sanarwa.

Hayaniyar ce ta fito da Sirkka daga kurmi,
tsohuwa da takalmin roba,
bokitinta cike da shuɗɗan 'ya'yan daji,
leɓenta ya rine kamar ta tsotsi alƙalami.
Ta karɓi taswirar, ta matso da ita hanci,
ta sa farce ta kankare ɗigon.
Ya fita.
Ta ce, 'ya'yan nan, kashin ƙuda kuke bi tun safe.
Ilpo ya cire hula ya zauna a kan kututture.
Ni na juya ina gyara igiyar da ba ta buƙatar gyarawa.

Ta ce mu bi bayan rumbun ciyawarta.
Akwai falalen dutse, da yashi taku biyar,
da wani tsuntsu can tsakiya
mai kuka kamar an bar shi a tasha.
Muka tokare taya da duwatsu,
muka sauke kwalekwale daga kan mota.
Ni a gaba, shi a baya, filafilai duka a hannun dama,
muka yi ta zagaye wuri ɗaya
kamar kaza ta sha bugu a ka,
kafin muka tuna yadda Baba ke rabawa.

Sha ɗaya na dare, rana ta ƙi tafiya,
ta rataye a kan itatuwa kamar fitilar maƙwabci.
Fatsata ta kamo ciyawa, ta kuma kamo ciyawa.
Ta Ilpo ta girgiza sau ɗaya:
kifi mai zane a baya, bai wuce tafin hannu ba.
Muka soya shi da man shanu,
shi ya ɗauki kai, na ɗauki wutsiya,
tsakiyar muka yi ta turawa.

Da safe na shimfiɗa taswirar a kan dutse,
na lashi bakin fensir, ina neman inda muke.
Wani ƙuda ya sauka kusa da yatsana.
Ilpo ya ɗaga hula zai buge shi.
Na riƙe hannunsa, na ce dakata,
bari mu ga inda zai aike mu baɗi, in muna da rabon zuwa.