Huda Goma Sha Ɗaya

Lambobin da Tauno ya bari
suna bayan wani tsohon rasit na fetur,
a karkace, kamar sawun kaza a laka.
Na shigar da su a waya,
kibiya ta yi juyi, ta nuna tafkin Saimaa.

Shekara tara yana wannan wasa:
a ɓoye gwangwani a kogon itace ko ƙasan gada,
a watsa lambobi, baƙi su zo nema,
su sa hannu a ɗan littafi su mayar.
Ni kuwa kullum sai na ce, tsofai-tsofai da kai,
ga rufin ɗakin sirace yana yoyo tun bara.

Ranar farko ni kaɗai na tafi.
Filafilinsa ya ci min tafin hannu,
sauro na yi min guɗa a kunne
har tsibirin da bai fi masussuka ba.
Waya ta ce saura taku uku. Saura biyu. An iso.
Ban ga komai ba sai bututun roba
ɗaure a jikin itace mai farin ɓawo,
tsayinsa ya kawo min kafaɗa,
bakinsa ya ƙi karɓar hannu.
Na leƙa. Can ƙasa wani abu ja yana kallona.

Na jijjiga, na zura sanda,
na zagi mamaci, na nemi gafara.
Sai ga rubutu a gindi, da tsinin wuƙa:
Ba ni abin da ya kawo ki.

Me ya kawo ni? Haushi? Kewa?
Na zauna kan dutse har ƙafata ta yi sanyi
kafin na ji tafki yana lasar cikin jirgi.
Au. Ruwa ne ya kawo ni.

Na tuɓe takalmin roba na ɗebo na zuba,
sai bututu ya hau tsiyaya ta ko'ina.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa: huda goma sha ɗaya.
Yatsuna goma ne, Tauno,
kuma wa zai yi zubi?
Na toshe da ganye, da cingam, da bakin safa,
ruwa ya tofo su ya bi ƙasa abinsa.

Sha ɗayan dare na koma gida,
rana na nan rataye, ta ƙi kwanciya, kamar ni.

Wata biyar ke nan ban buɗe wa kowa ƙofa ba.
Raili ta gaji da ajiye miyar kifi a dakali.
Eetu, jikana, ya daina kira.
Sai da na wanke kofi ɗaya sau uku
kafin na iya ɗaga waya.

Ran Asabar muka tafi mu uku,
jirgi ya nutsa har kusan baki.
Raili ta kama shida tana mitar gwiwa,
ni biyar, goshina a jikin ɓawo,
Eetu yana safa da marwa da bokiti,
rabi a bututu, rabi a wuyanmu.
Kar ki saki! Ke ce kika saki!
Dariya ta kusa ɓata mana aiki.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, daga ciki,
abu yana hawa a hankali
kamar mai ciwon baya a matakala,
har jan murfi ya leƙo.

Littafin sabo ne fil, babu hannun kowa.
Ashe bai taɓa ba wa duniya lambobin ba.
Shafin farko, sawun kazar nan dai:
Sirkka, da su wa kika zo?

Fensirin ya jiƙe, sai da na danna.
Na rubuta suna uku, na sa kwanan wata.
Ruwa ya gama tsiyayewa a kan takalmanmu,
Raili tana laluben filas ɗin kofi,
Eetu na tambaya ko akwai wani rasit a gida.