Gurbi Na Ashirin Da Huɗu

A Dayton ƙanƙara ta binne motar maƙwabci har madubi.
Ni ina teburin kicin da biro mai yoyo
da takardar da ake tambaya kafin a tambayi sunana.
Shekara goma sha huɗu tana kwance a kwalin takalmi,
ƙarƙashin rasiɗan wuta da hoton auren da ya mutu.

Gurbi na ashirin da huɗu. Bai kai faɗin yatsa biyu ba.
A ciki aka cusa shekara shida ta ɗaukar bindiga,
zuwa Iraƙi sau biyu, da haƙorin da na baro can,
aka buga: an sallame shi ba da girmamawa ba.
Ƙasa kaɗan, dalili: rashin ɗa'a.

Ba na musu.
Na sha. Na makara faretin asuba sau tara.
Na fasa gilashin motar Saje Kowalczyk da hular kwano
yana ciki yana cin burodi,
bai yi mini komai ba ranar.
An ce laifi tudu ne. Na hau nawa, ban hango na kowa ba.

Amma takardar ba ta san daren gada ba,
inda na danne wuyan Tyrell Vance da hannu biyu
ina cewa jirgi na tafe, jirgi na tafe,
har ya daina tambaya.
Tun ranar barci ya yi mini yaji.
Likitan bariki ya ba ni minti bakwai da ƙwaya huɗu.
Kwamanda ya miƙo alƙalami: sa hannu, gobe kana gida.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na kama.

A asibitin tsofaffin sojoji matar da ke bayan gilashi
ta dubi gurbin, ta rage murya kamar mai ta'aziyya.
A makarantar Nola, ranar tunawa da 'yan mazan jiya,
aka ce duk wanda ya yi soja ya miƙe.
'Yata ta waiwayo.
Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Lauya Ybarra, mai aikin sa-kai ranar Laraba
a ɗakin ƙasan coci inda kofi ke ƙauri,
ta ce, 'yan watanni suka rage wannan ƙofar ta rufe.
Rubuta yadda aka yi. Kada ka yi wa kanka kwalliya,
kada kuma ka yanka kanka, an riga an yi maka wannan.
Ta ce in nemo shaidu.

Sati uku ina juya lambar Kowalczyk kafin in aika.
Amsarsa layi uku ce:
Gilashin dala ɗari uku ne, na manta da shi tuntuni.
Ihunka na tsakar dare ne ban manta ba.
Asibiti ya kamata in kai ka, na kai ka ofis.

Na karanta a tsaye, gaban firji,
sai na ga ina zaune a ƙasa.

Yanzu ga fom ɗin, ga fili ƙarami: bayyana dalilinka.
Na rubuta sunan Tyrell, na soke, na sake rubutawa.
Ba lambar yabo nake nema ba.
Mutane ne a wani ɗaki da ban taɓa gani ba
za su buɗe ni shafi-shafi bayan abincin rana,
wataƙila baɗi, wataƙila su ce a'a.

Nola ce ta lashi kan sarki, ta ce ɗaci gare shi.
Akwatin gidan waya yana kwanar titi, shuɗi, hula fara a kansa.
Na share ƙanƙarar da hannun riga.
Murfin ya ƙi buɗuwa sai da na sa ƙarfi.