Mai Ruwa da Layin Gora

Shekara ashirin da shida ina tura kura
daga rijiyar burtsatse ta bayan masallacin Idi-Araba,
jarka goma sha biyu, kowacce cike har wuya.
Na shayar da Mushin, na shayar da rabin Surulere.
Yau Tasalla ta ja layi da jan farce a jikin gora,
ta ce, "Baba, nan ne iyakarka har gobe."

Ni da ruwa ke zuba ta gwiwar hannuna,
ni ne ke tsotsar ƙanƙara kamar alewa,
ina lallashinta kada ta narke da wuri.

Litinin da Alhamis nakan miƙa hannun hagu.
Na'ura ta ja jinina ta zagaya da shi
kamar danfo mai zuwa Oshodi ya dawo,
awa huɗu cur.
Sista Morenike ta ce wankin ƙoda
bai san dauda ba, bai san dukiya ba,
yana kwashe guba, yana haɗawa da abin gina tsoka,
sai a biya bashin a faranti.

To ga biyan:
farin ƙwai huɗu, gwaiduwa rabon jikoki,
da gwangwanin garin madarar masu ƙoda
wanda kuɗinsa ya cinye turin kura na sati biyu.
Cokali biyu, a share kai da wuƙa, ban da tozo.
Akwai farar ƙwaya mai ɗanɗanon alli
da ake taunawa tare da lomar farko,
in na manta, dare ya zo min da ƙaiƙayi.
'Yar rawayar kuwa sai an sauke ni daga na'ura,
don na'ura ɓarauniya ce, za ta wanke ta.
Ƙarfe ma ta jijiya suke ɗura min.
Na ce, "Ni da na tura ƙarfe duk rayuwata?"
Sista ta yi dariya har biro ya faɗi.

Ayaba ta zama abokiyar gaba.
An kori kanwa daga tukunya.
Tsiren Agege, mukan gaisa daga nesa
kamar surukai.

Ranar Juma'a Ilu mai shayi ya zo da kwalba,
jiƙon wani mai lasifika a ƙarƙashin gadar Ojuelegba,
wai yana ta da ƙodar da ta kwanta.
Tasalla ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya,
yana fita ta tuttule a kwata.
Ban ce uffan ba.
Ruwan kawai na ji wa ciwo.

Kurata na hannun wani yaro ɗan Illela,
kuɗin hayarta ke sayen gwangwani.
Da la'asar yakan bi ta ƙarƙashin tagata,
daga ƙarar ruwan nake gane
jarkar da bai cika ba.

Jiya sikeli ya ƙara min rabin kilo.
Sista ta danna ƙafata da yatsa, ba rami.
Ta ce, "Wannan nama ne, Malam Tanimu, ba ruwa ba."
Na dawo gida na ɗaga gora ga hasken taga.
Saura yatsa biyu.
Na sha ɗaya,
na bar ɗaya don asuba.