Kati na Goma Sha Huɗu

Tun kafin jirgin fito na farko ya bar Dalcahue
na riga na shiga aji, takalmina sharkaf,
kati goma sha huɗu a aljihun rigar sanyi,
kowanne da baƙuwar kalma mai wuyar haɗiya.
Na bi kusurwa-kusurwa ina ɓoye su
kamar mai binne iri.

Kuromosom na cusa cikin dunƙulen zaren ulu
da uwar Millaray ta manta ranar taron iyaye,
don shi ma zare ne da aka naɗe, aka ƙudundune.
DNA na liƙa a bayan tsanin gyaran rufi;
murɗa tsanin a zuciyarka, ka gan shi.
Inzayim na rataye a kunnen almakashi.
Yis kuwa, ina zai kwana
in ba a kwandon burodi ba?

Ƙarfe takwas suka shigo, tururi na fita bakinsu.
Na ce yau babu allo, babu zama,
ga kacici-kacici, kowa ya bi sawu.
Aji ya kaure.
Eleuterio ya kifar da kwandon shara,
Ignacia ta leƙa har cikin murhun ɗumama ɗaki,
ta fito da baƙin hanci da kalmar rikiɗa,
tana ihu kamar ta tsinci dami a kala.
Buhun dankalin da na roƙo wurin tsoho Baldovino
suka zazzage a ƙasa:
shuɗi, ja, baƙi, wani mai zane kamar an yi masa tsaga.
A tsakaninsu barbarar yanyawa ke kwance,
suka yi ta dariya, suna nuna juna.

Muka ƙirga. Goma sha uku.
Muka sake ƙirgawa.

Na maimaita musu kacici-kacicin ƙarshe:
Ina nan, ba a ganina,
sai na gamu da irina nake magana.

Nahuel bai yi gudu da kowa ba.
Shi ne mai jan gashi
a gidan da kowa gashinsa baƙi ne wuluk,
shi ne wanda masunta a bakin gaɓa
kan tambaya, da murmushin mugunta,
wane jirgi ne ya sauke shi.
Hularsa ba ta barin kansa, ko a coci.

Yana tsaye gaban tsohon hoton nan na bangon baya,
inda shanu ke jan gida sukutum zuwa teku,
mutanen ƙauye na biye da igiya.
Gaskiya, ban sa katin can da wata hikima ba,
maɓoya ce ta ƙare mini, ƙusar kuma ta yi sako-sako.

Ya zaro shi, ya karanta a hankali:
Mai lafewa.
Siffar da kan yi shiru a uwa, shiru a uba,
ta farka a ɗa.

Ruwa na dukan kwanon rufi.
Ya ce, Malama Oyarzo,
shekara nawa take iya yin shirun?
Na ce, fiye da yadda mutane ke iya tunawa.

Ya ɗora yatsa kan wata mata a gefen hoton,
ta ɗaure kai, tana riƙe da tukunya.
Kakar babana ce, in ji shi.
Hoton baƙi da fari ne, bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Ni ma ban ce ba.

Cakulan ɗin gasa ƙungiyar Ignacia ta cinye.
Shi katin kawai ya roƙa, zai kai wa goggonsa,
ita ce mai tuna abubuwa.

Har yau goma sha uku ne a akwatina,
ban sake rubuta wani ba.
Ranar da aka tashi, ta taga na hango shi
yana gangarawa bakin gaɓa cikin yayyafi,
hular a hannu.