Tauraro a Cikin Faranti

Biyun dare saura kwata a Medawachchiya.
Injinan wankin ƙoda duk sun yi shiru.
Heenbanda, manomin shinkafa, gado na huɗu,
shaƙuwa ta kama shi tun la'asar,
ta ƙi sakinsa.
Yana kiran 'yarsa da sunan mahaifiyarsa.

Na buɗe littafina, na bi layi-layi.
Ayaba, na hana.
Ruwan kwakwa, na hana, har ya yi mako ba ya amsa gaisuwata.
Gishiri kuwa ciniki muka yi kamar a kasuwa,
ya sauko daga cokali zuwa ɗan tsunkule.
Busasshen kifi, ya rantse ya bari.
To me ya wuce ni?

Likita na hanya, in ji nas,
ruwa ya sha kan gada.

Rashin sani ya fi dare duhu,
ni kuwa ga ni da su duka biyun.

Sai na tuna wata takarda a aljihun jakata,
lambobin waya goma sha ɗaya, rubutun hannu,
namu, mu da ke haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata
a wata baranda a Anuradhapura,
kowa da kwanon abincinsa da damuwarsa.
Mu ne masu auna lomar mutane,
masu ce wa mayunwaci "kaɗan",
masu ce wa mai ƙishi "rabin kofi".
Ba sana'ar da ake yi wa guɗa ba ce.

Na kira Sivagowri a Vavuniya.
Shekararta ashirin da shida a wannan aiki,
ni watana tara.
Ba ta ce, "Kin san ko ƙarfe nawa?" ba.
Ta ce, "Shaƙuwa? Da ruɗewa?
Ajiye littafin nan.
Je ki tambayi matarsa
wace bishiya ce a bayan gidansu."

Somawathie na zaune a kan benci, ta rafka tagumi.
Ta kwance bakin zanenta,
sai ga kamaranga, rawaya shar, mai gefe biyar,
wanda in an yanka, taurari ke zubowa a faranti.
"Na ga leɓensa ya bushe," ta ce.
"Uku kacal ya sha.
Ai ba ya cikin takardar da kika ba mu."

Ba ya ciki. Gaskiyarta.
Daga littafin wata ƙasa na kwafo takardar,
ƙasar da bishiyar nan ba ta tsiro.

Likita ya iso da laka har gwiwa.
Kalma ɗaya na faɗa masa a bakin ƙofa,
ya ce a tada inji.
Jinin Heenbanda ya fita, ya zaga, ya dawo,
ya fita, ya dawo.
Sai da hantsi ya dubi ludayi shaƙuwar ta tsaya.
Abu na farko da ya tambaya:
wa ya buɗe wa gonarsa ruwa?

Ranar Asabar na tafi da guda biyu a jaka.
Na ajiye su a tsakiyar tebur,
na faɗi laifina tun ba a tambaye ni ba.
Ba wanda ya yi dariya.
Rukmal ya ciro tasa takardar, ya duba, ya yi shiru,
ya nemi aron biro.

Na tambayi Sivagowri a wane littafi ta karanta.
Ta daɗe tana juya kofin shayinta.
"Sunansa Kandiah," ta ce. "Direban babbar mota.
Lokacin ba ni da lambar kowa."

Priyangani ta kawo wuƙa.
Muka yanka, muka raba,
mu da ƙodarmu ke lafiya.
Da tsami.

Kafin mu watse, wata sabuwa daga Padaviya,
wadda ko sunanta ban gama riƙewa ba,
ta tsaya a bakin matakala tana murza igiyar jakarta.
Na juya takardar, na miƙa mata biro.
Na ce, "Rubuta taki.
Kuma ko ƙarfe nawa ne, ki kira."