Abin da Na Lalata da Gangan

A nan Tromso, in Nuwamba ta tsufa,
rana kan naɗe tabarmarta ta tafi,
wata biyu ba sallama, ba aike.
Ni Oddrun na ga tafiyarta sau saba'in da huɗu,
ban taɓa raka ta da kuka ba.

Amma bana idona na kan tagar Eilif.
A layinmu kowa na rataye fitila a taga
don mai wucewa ya san da sauran numfashi a ciki.
Tasa ta mutu ran Talata.
Laraba ba ta farfaɗo ba.
Ƙanƙara ta taru a ƙofarsa har gwiwa,
babu sawun shiga, babu na fita.

Tun da Ragnhild ta kwashe littattafanta da karensu ta yi kudu
yake tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu.
Shekara ashirin yana ɗaure igiyar jirgin fito,
yau igiyar takalmi ta gagare shi.

Na san mazanmu.
Ka ce, "Lafiya kuwa?" ya ce, "Ƙalau,"
ya tura ƙofa a hankali don kar ka ji ciwo.
Haka mijina Torleif ya yi ta ce min, ƙalau, ƙalau,
shekara uku a kujera ɗaya yana kallon bango,
ni kuma ina jira ya fara magana.
An ce ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba.
Haka ne. Amma ajiyar da ta daɗe a rufe
ruɓewa take yi.

Sai na ɗauki sifana,
na kwance famfon kicin ɗina har ya soma hawaye,
na je na buga masa ƙofa da ƙarfin tsufa.

Ya zo, gemu buzu-buzu, rigar sanyi a baibai.
Minti biyar ya gama.
Na zuba masa kofi, bai sha ba,
ya dai riƙe kofin da hannu biyu.
Mako na gaba ƙwan fitilar zaure ya mutu.
Na gabansa marfin kabad ya saki.
Gidana bai taɓa yawan ciwo irin na bana ba.

A zuwa na huɗu bai tashi ba bayan gyara.
Ya ce, "Ba na barci.
In gari ya waye, in ma wayewa ce wannan,
sai in ji an aza min dutse a ƙirji."
Ban da wata hikimar da zan ba shi.
Na matso masa da burodi, na bar shi ya yi kukansa,
agogo na ta aikinsa a bango.

Ran Litinin muka tafi asibiti tare.
Hanya santsi, na riƙe shi, ya riƙe ni,
mai kallo ba zai gane wa ke tallafar wa ba.

Yanzu Janairu ta kusa ƙarewa.
Jiya rana ta leƙo tsakanin duwatsu biyu,
'yan mintoci, kamar baƙuwa mai kunya, ta koma.
Eilif bai warke ba, kar in yi ƙarya.
Yana shan magani, yana ganin likita duk Alhamis,
wata safiyar har yanzu dutsen na nan.
Amma ya koma jirgi rabin wuni,
kuma fitilar tagarsa tana ci.

Muna tsaye muna kallon inda ranar ta ɓuya
ya ce, "Oddrun, ran nan kin manta sifanar a kan tebur."
Na ce, "To me ya sa ka yi ta zuwa?"
Ya ce, "Na ɗauka ke ce ke bukatar mutum."

Ban ce masa komai ba.

Daren jiya famfon ya sake ɗiga.
Wannan karon, na rantse, ban taɓa shi ba.